Rabin Saƙonnin Yaya

Tun ina ɗan shekara bakwai nake jin haushin Yaya, kuma yanzu da na doshi arba'in ban ga amfanin ɓoyewa ba. Shekara biyar kacal ta ba ni, amma in ka ji yadda ake maganarta a gidanmu sai ka rantse ita ta haife mu duka.

Babanmu mai gyaran rediyo ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne, kanta uku cike da rediyoyin da masu su suka manta da su, ga warin dalma da ba ya barin riga ko an wanke ta sau biyu. In muka taso daga makaranta can muke zarcewa. Yaya yake miƙa wa mita ta auna, ni kuwa abin da nake samu shi ne, "Auta, matsa can, ka tare mana haske." Yana da wata ɗabi'a: ba ya kwance rediyo sai ya tsare mai ita da tambaya, yaushe take ɗaukewa, da safe ko da rana, a kan tebur ko a hannu, ya rubuta amsar a bayan kwalin batir. Ni abin gundura yake ba ni. Yaya kuwa ta kwashe shi kaf, har yadda yake lasar bakin fensir kafin ya yi rubutu.

Ba ta je jami'a ba. Idon Baba ya raunana tana gama sakandare, ta riƙe shagon shekara uku, daga rediyo ta koma taɓa kwamfutocin mutane, daga nan wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauke ta aikin buga takardu. A nan ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, kuma a nan ta koya wa kanta rubuta manhaja da wasu littattafai masu kauri da ta tsinta a kasuwar tsofaffin kaya. Shekara goma sha shida ke nan da ta gina shafin da kamfanin yake aiki da shi har gobe.

Abin ba shi da wuyar ganewa. In kaya suka iso reshe, akawu ya danna maɓalli a shafin, sai a sanar da mai kaya ta waya ya zo ya ɗauka. Amma shafin ba ya aika saƙon da kansa, don in ya tsaya jiran kamfanin waya sai ya sandare, akawu ya yi ta zagi. Sai dai ya ajiye saƙon a layi. Can gefe akwai wata 'yar manhaja da Yaya take kira ɗan aike, ita ke ɗaukar saƙonni ɗaya bayan ɗaya, ta aika, ta ce wa layin "an gama", layin ya goge. Shi ke nan. Shekara goma sha shida wannan ɗan aike yana tafiyarsa ta tsofaffi, bai taɓa ba ta kunya ba.

Ni ne na yi jami'a. Ni ne mai takarda mai hatimi a jikin bango. Amma da na gama yawon neman aiki takalmina ya cinye, Yaya ce ta kama hannuna ta kai ni wurin Manaja. A ofis Mai Littafi ake ce mata, saboda littafin rubutu mai baƙin bango da ba ya rabuwa da hammatarta, wanda take rubuta komai a ciki da fensir, da rana da awa da minti. Ni kuma shekara shida ina zaune a tebur na kusa da nata, sunana ƙanen Mai Littafi. Har mai gadi haka yake kira na. Akwai ranar da na gyara firintar Manaja da hannuna, na fito ina goge tawada, na ji yana cewa a waya, "Ai an gyara, mutanen Mai Littafi ba sa wasa." Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba.

Shekara biyu da suka wuce na ce sai na nuna musu. Na zauna a ɓoye wata guda na rubuta nawa ɗan aiken. Na ɗora shi a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburina, wadda aka daina amfani da ita nake ɗora ƙafa a kai. Da yake gwaji ne, na tsara shi kada ya aika wa kowa komai: ya ɗauki saƙo, ya ce "an gama", ya adana shi a fayil. Na gwada shi ran wata Asabar da ba kowa, na zuba masa saƙonnin ƙarya dubu, kafin in kurɓi shayi ya share su. Ran Litinin na zo ina rawar jiki.

"Yaya, zo ki ga wani abu."

Waya na maƙale a kafaɗarta, fensir a baki. Ko juyowa ba ta yi ba. "Ajiye, Auta, zan duba."

Ba ta duba ba, ta manta. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na kashe kwamfutar da yatsan ƙafa, na rantse ko roƙona ta yi ba za ta gani ba. Kwana ya ja har ni ma na manta da shi.

To, a watan da ya gabata saƙonni suka fara ɓata.

Mai sito ne ya fara kawo ƙara. Mutum ne mai ƙiba da ba ya son hawa bene, don haka da muka gan shi a ƙofar ofishinmu yana haki mun san babu lafiya. Ya ce sito ya cika har ba wurin aje ƙafa, kwalaye kan kwalaye, masu kaya ba sa zuwa. In an kira su sai su ce ba wanda ya sanar da su. Wata mata ta zo tana kuka, injin ɗinkinta ya kwana tara a sito tana can tana zargin ɗan'uwanta da ya ce ya aiko. Wani kuma ya iske magungunan kajinsa sun lalace da zafi, ya tsaya a tsakar harabar kamfani ya yi mana wankin babban bargo.

Yaya ta buɗe littafi. Ta duba layin, babu komai a ciki, wayam, alamar duk saƙon da ya shiga an ɗauka an ce an gama. Ta duba rajistar ɗan aikenta, rabi kawai ya gani. Ta aika wa wayarta saƙo goma na gwaji, biyar suka zo. Washegari ta yi sammako, ƙarfe bakwai tana ofis, ta sake aika goma, goma suka zo cif. Ta ce alhamdu lillahi. Kafin azahar mai sito ya sake hawo bene.

Haka aka yi ta yi. Ta kira kamfanin waya suka yi musu na awa guda. Ta kashe babbar kwamfuta ta kunna. Ta sauya wayar sadarwa, ta share faifai, ta karanta saitin layin nan layi-layi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Duk gwajin da ta yi da sassafe ko bayan an tashi lafiya lau, da rana kuwa rabi.

Ni fa? Zan faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Ina zaune ina kallon yadda ɗankwalinta yake zamewa ba ta ma sani ba, yadda take cizon fensir har ya tsage, wani sanyi yana ratsa ni. Ashe Mai Littafi ma tana rasa ta cewa! A waɗannan kwanakin cajata ta ƙone, soket ɗin bangona kuma ya daɗe da mutuwa, sai na dinga kunna tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin tebur ina soka wayata a jikinta. In na zo ƙarfe tara in kunna, in zan tafi in kashe. Ina cajin waya, ina karanta labarai, ina jefa mata shawara ta fatar baki.

"Yaya, ko dai abin nan ya tsufa ne? Komai fa da lokacinsa."

"Bai tsufa ba," ta ce. "Wani ne yake sa hannu a kwanona."

Ran Litinin ta mako na biyu Manaja ya kira mu. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, sai dai ya yi ta jera biro a kan tebur. Ya ce wa Yaya, "Malama, na ba ki zuwa Juma'a. In ba a gane kan abin nan ba, akwai kamfanin da zai kawo mana sabon tsari gaba ɗaya. Kin yi mana ƙoƙari, ba wanda zai musa, amma sabon tsari sabon hannu yake so." Sai ya dube ni. Karo na farko a shekara shida ya dube ni sosai. "Kai ne mai takarda. Ka fara shiri."

Na sunkuyar da kai kamar abin ya dame ni. A zuciyata kuwa har na zaɓi inda zan juya teburina in na koma wurin Yaya kusa da taga. Yaya ta rubuta wani abu a littafi, na leƙa na ga ta rubuta "Juma'a" ta ja layi biyu a ƙasa. Shekara ashirin da huɗu take hawa benen nan. Ban san me za ta yi da safiya ba in an ce kada ta zo, kuma ban tsaya tunanin ba.

Ran Laraba ban je aiki ba, na kai Mama asibitin ido. Muna zaune a benci muna jiran layi, ta dafa gwiwata.

"Auta, yayarka ta rame. Ka taimaka mata mana, kai da ka yi boko mai zurfi."

"Mama, ai ita ce gwana. Ni wane ne?"

"Ka ji ka! Tun kana yaro bakinka yake tsami in an ambace ta. Ita ko ranar nan cewa take kanka ya fi nata."

"Ita ta faɗa?"

"To, ko ba ta faɗa ba na gani a fuskarta."

Na ce a raina, ai ka ji, Mama da ɗinke ɓaraka.

Ran Alhamis na iske Yaya fuskarta ta ɗan saki. Ta ce jiya tun safe har yamma ko saƙo ɗaya bai ɓata ba, kuma ba ta taɓa komai ba. Na ce madalla, ba da zuciya ɗaya ba. Na zauna, na ciro waya, na danna maɓallin tsohuwar kwamfuta da yatsan ƙafa. Fankarta ta fara gurnani. Ba a yi minti uku ba na ji Yaya ta ja numfashi.

"Ya dawo." Ta dubi agogon hannunta ta rubuta. Sannan ta fara karantawa a hankali, kamar da kanta take magana. "Litinin, tara da minti goma zuwa biyar saura kwata. Talata, tara da rabi zuwa biyar. Asabar da Lahadi babu. Laraba babu. Yau, tara da minti ashirin da biyu."

Na dubi wayata. Tara da minti ashirin da huɗu. Iskar fankar tana hura mini idon sawu, ɗumi-ɗumi. Talata na makara saboda taya ta yi faci. Laraba ina asibiti.

Innalillahi! Ɗan aikena ne. Shekara biyu yana kwance, na tsara shi ya tashi da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfutar, wayar sadarwa kuma tana nan a soke ba wanda ya cire. Kullum sai ya je ya tsaya a layin Yaya kafaɗa da kafaɗa da nata, layin kuma ba ruwansa, raba musu yake, ɗaya ga nata ɗaya ga nawa. Nawa ya karɓa, ya ce an gama, ya jefa a fayil.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, taku biyu ne tsakanina da ita. Amma sai na tuna taga, na tuna yadda Manaja ya dube ni. Na lallaɓa yatsan ƙafa na danne maɓallin har fankar ta yi shiru, na zare wayata na tura aljihu.

"Ya tafi," in ji Yaya. Ta rubuta. Ba ta ko kalli inda nake ba.

Na wuni ina buga madannai ba tare da na san abin da nake rubutawa ba. Ƙarfe biyar na yi mata sai da safe, ta amsa kamar kullum.

Ran Juma'a ƙarfe goma muka shiga ofishin Manaja. Takardun sabon kamfanin suna kan tebur, biro huɗu a jere a kansu. Mai sito ma yana nan, ya cika kujera.

"An ce tun jiya saƙonni suna tafiya," in ji Manaja. "Wa ya gyara?"

"Ba wanda ya gyara, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

"To kin gani. Yau ya ga dama ya yi aiki, gobe ya ga dama ya ƙi. Ba zan ɗora kamfani a kan ganin dama ba."

Ta buɗe littafin, ta lashi bakin fensir. Ta ce ba ganin dama ba ne. Akwai ɗan aike na biyu a cikin ginin nan, a kan wata tsohuwar kwamfuta, shi yake kwashe rabi. Ta ce yau ƙarfe bakwai ta cire wa kwamfutar wayar sadarwa, ta kunna ta, ta iske duk saƙonnin da suka ɓata a fayil guda, dubu uku da ɗari takwas da goma sha biyu, kowanne da lambar waya da lokacinsa. Ta mayar da su layi, tun ƙarfe takwas suka fita. Mai sito ya ce lallai, shi ya sa tun ɗazu ƙofar sito ta cika da mutane.

"Kwamfutar wa?" in ji Manaja.

"Ta kamfani ce."

"Malama, kada ki yi mini wasa da hankali. Wa ya saka abin?"

Na ƙura wa biron nan huɗu ido. Zuciyata tana cewa yi shiru, ba za ta faɗa ba, ka san ta.

Ba ta faɗa ba kuwa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin nan, bari in gaya maka wani abu game da shi. Na karanta shi daga farko har ƙarshe. Ya fi nawa sauri ninki huɗu. In sadarwa ta yanke yana jira ya sake haɗawa da kansa, nawa kuwa sai na tashe shi. Kwana goma sha ɗaya yana karɓar saƙo bai zubar da ko ɗaya ba. In aka buɗe masa hanyar aikawa, shekara goma ba ka buƙatar waɗannan takardun."

Manaja ya ɗaga gira, ya ture biro ɗaya gefe. "Ikon Allah. Wato ke kika rubuta sabo kika manta da shi? To ai Malama, in haka ne hannunki bai tsufa ba. Dama na san aiki irin wannan sai Mai Littafi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kujera ta faɗi a bayana.

"Ni na rubuta shi! Ni! Wata guda na yi a kansa, ko harafi ɗaya ba ta sa ba! Na ce ta zo ta gani ta ce in ajiye!"

Mai sito ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa.

"Kai ka rubuta," in ji Manaja a hankali. "Kai kuma ka kunna."

"Caji nake yi, ranka ya daɗe."

"Yaushe ka gane?"

Ƙarya ta zo har bakin leɓena, sai na ga littafin a buɗe a cinyar Yaya, da awa da minti. Na ce, "Jiya da safe."

"Ka kuma yi shiru."

Ya tattara takardun sabon kamfanin ya jefa a aljihun tebur, ya ce in jira takardar gargaɗi, maganar shiri kuma in manta da ita. Ya ce wa Yaya ta yi haƙuri. Ni ko kallo ban ƙara samu ba.

Muka hau bene. Da muka shiga ofis na rufe ƙofa, kunya da haushi suna cin raina, haushin ma ya fi yawa.

"Tarko kika ɗana mini."

"Ƙwarai," ta ce, tana gyara ɗankwali. "Tun jiya da ka danna da ƙafa na ji fankar ta yi shiru. Na ba ka wuni guda ka yi magana, ka tashi ka ce mini sai da safe. Na san ba za ka buɗe baki don tausayina ba, Auta. Amma a ba ni yabon abinka? Ko a mafarki ba za ka yarda ba. Na ji ciwo fa, kada ka ga ina dariya. Da aikina za ka bari ya tafi."

Idonta ya kawo ruwa, ta juya ta fuskanci kwamfuta. Na ce ta yafe mini, muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Ta ce ta ji, sai ta huce tukuna. Duk da haka akwai abin da yake ci na, na kasa haɗiye shi.

"To yabon da kika yi, shi ma na tarko ne?"

Ba ta juyo ba. Ta turo littafin ta gefen tebur. Yaya tana iya zolaya, tana iya ɗana tarko, amma kowa a ginin nan ya san ba ta rubuta abin da ba ta auna ba a littafin nan. Na buɗe shafin ranar. A sama, da fensir: "Juma'a, bakwai da minti arba'in. Na karanta ɗan aiken Auta. Ya fi nawa. Ya kira ni in gani shekara biyu da suka wuce, ban je ba. Laifina."

Na karanta sau uku. Na nemi abin da zan ji haushinsa a ciki na rasa.

Ran Litinin muka ɗora ɗan aikena a babbar kwamfuta, muka buɗe masa hanyar aikawa, muka kashe nata. Kafin azahar na ji mai sito a ƙasan bene yana gaya wa akawu cewa sabon ɗan aiken Mai Littafi kamar walƙiya yake. Na miƙe zan leƙa ta taga in gyara masa zance, Yaya ta ce in zauna, aiki bai ƙare ba.

Ta lashi bakin fensir, ta buɗe sabon shafi, sai kuma ta tsaya. Ta miƙo mini littafin da fensirin gaba ɗaya.

"Naka ne ai. Rubuta ƙarfe nawa ka kunna shi."

Baba ya rasu bai taɓa miƙo mini mita ba. Na karɓi fensirin, duk ta cije shi ya tsage, na dubi agogo. Na lashi bakin fensirin, na rubuta awa da minti.